Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dattawa: Kujerar Da Kuka Tashi Abdul Ningi A Kai Tamu Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Godswill Akpabio, da sauran sanatocin Tarayyar Najeriya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku.

Ni malamin makaranta ne da ya ajiye alli, kuma a mazaɓar Bauchi ta Tsakiya nake jefa ƙuri'a. Ba na cikin yaran Sanata Abdul Ahmed Ningi, ban taɓa zuwa ƙofar gidansa neman wani abu ba, ban kuma riƙe katin jam'iyyarsa ba. Na fara da wannan ne saboda na san halin siyasarmu: da mutum ya buɗe baki a kan ɗan siyasa, abin da za a fara tambaya shi ne nawa aka ba shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kwana 77 da muka yi ba mu da kowa a zaurenku, da kuma ganin cewa abin da aka yi mana an sake yi wa wasu bayanmu, kuma babu alamar za a daina.

Ranar Talata 12 ga Maris 2024 ce, azumi yana kwana biyu. A lokacin tsadar abinci ta kai inda magidanci ke tsayawa gaban mai awo yana lissafi da yatsu, ya koma gida da rabin abin da ya fito saye. A wannan yini kuka zauna kuka dakatar da sanatanmu na wata uku. Daga ranar har zuwa 28 ga Mayu, da kuka ce kun yafe masa bayan Shugaban Marasa Rinjaye, Sanata Abba Moro, ya roƙa a madadinsa, ƙananan hukumomi shida ba su da murya a Majalisar Dattawa: Ningi, Warji, Ganjuwa, Darazo, Misau da Dambam. A cikin waɗannan makonni kuka sake zartar da dokar bai wa ɗalibai bashin karatu, aka ƙara kuɗin wutar lantarki a farkon Afrilu, ana ta muhawara a kai. 'Ya'yanmu na cikin masu neman wannan bashi. Amma da aka zo jin ta bakin kowace mazaɓa, tamu kujera babu kowa a kanta.

Bari in tuna muku wane ne mutumin, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga murya a kansa ranar ba su kai shi daɗewa a ginin ba. Abdul Ningi ya shiga Majalisar Wakilai a 1999, shekarar da soja suka miƙa mulki, yana wakiltar Ningi da Warji a ƙarƙashin PDP. Mutanensa suka sake tura shi a 2003, suka kuma tura shi a 2007. Daga 2003 zuwa 2007 shi ne Shugaban Masu Rinjaye na Majalisar Wakilai, a zamanin da Aminu Bello Masari ke riƙe da shugabancinta, wato shekarun da aka yi ta kokawar tazarce har Majalisar Tarayya ta yi watsi da ita a Mayun 2006. A 2011 ya haura Majalisar Dattawa, ya zama Mataimakin Shugaban Masu Rinjaye lokacin David Mark. A 2015, da guguwar canji ta taso, kujerar ta koma hannun Isa Hamma Misau, a 2019 kuma ta koma ga Halliru Dauda Jika. Ningi ya nemi takarar gwamna a jam'iyyarsa, Bala Mohammed ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani na 2018. Shekara takwas ya yi a waje, sannan a 2023 muka mayar da shi.

Ku dubi wannan tarihi da kyau, ranku ya daɗe. Sau biyar jama'a suka tura shi Abuja, kuma a tsakani an yi shekara takwas wasu ne a kan kujerar. Wannan ya nuna mun san yadda ake ɗora mutum, mun kuma san yadda ake sauke shi. Mutanen yankin nan ba su taɓa zama masu sauƙin juyawa ba. Masarautar Ningi kanta malamai ne suka kafa ta, waɗanda suka baro ƙasar Kano a ƙarni na 19 saboda sun ƙi yarda da harajin da suke ganin zalunci ne, suka shige duwatsu, suka yi shekaru suna kare kansu. Jikokinsu ba sa buƙatar wani daga wata jiha ya zo ya taya su hukunta wakilinsu.

To me ya yi? Ya yi hira da Sashen Hausa na BBC, a lokacin yana shugaban ƙungiyar sanatocin Arewa, ya yi magana a kan kasafin kuɗin 2024. Kowa ya san yadda kasafin ya faro. Shugaba Bola Tinubu ya kawo muku na naira tiriliyan 27.5 a ƙarshen Nuwamban 2023, kuka ƙara shi ya kai tiriliyan 28.7, kuka zartar ranar 30 ga Disamba, aka sa masa hannu ranar 1 ga Janairu. Wata ɗaya kacal aka yi a kan takardar da za ta juya rayuwar mutum sama da miliyan 200 na tsawon shekara. Abin da Ningi ya ce shi ne, masana da suka sa su duba kasafin sun iya bin sawun kusan tiriliyan 25 zuwa ga ayyuka da wuraren da za a yi su, amma akwai kusan tiriliyan 3.7 da ba su ga aikin da aka jingina su da shi ba. Fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata shi. Shugaban kwamitin kasafi, Sanata Solomon Adeola, ya kawo ƙorafi a zaure, ya ce kuɗin da ake magana a kai na hukumomin da ake cire musu kasonsu kai tsaye ne, irin su ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe da ita kanta Majalisar Tarayya, shi ya sa ba a jera ayyukansu dalla-dalla a cikin kundin ba.

Zan faɗi gaskiya a kan namu. Ningi ya yi kuskure a yadda ya fito da maganar. Wanda ya yi shekara 16 a majalisa kafin wannan zuwan ya san cewa zargi mai nauyin tiriliyan ba a fara shi a rediyo hannu babu takarda. Kamata ya yi ya fara ajiye rahoton masanan a gaban zaure, shafi da shafi, ya nemi a karanta, sannan ya je ya gaya wa duniya. Yadda maganar ta fara fita, mutane da yawa sun fahimci cewa kasafi biyu ake da shi, ɗaya na fili ɗaya na ɓoye, sai daga baya ya fito yana cewa ba haka yake nufi ba. Wannan gyaran zance ya rage wa maganarsa ƙarfi, ya kuma ba abokan hamayyarsa sandar dukansa. Mu da muka tura shi mun ji zafin haka, kuma muna da bakin gaya masa.

Amma amsar da Sanata Adeola ya bayar ba ta rufe maganar ba, ƙofa ta buɗe. Idan har akwai tiriliyoyin naira da ke tafiya ga hukumomi a dunƙule, ba tare da ɗan ƙasa ya ga abin da za a yi da su ba, ai wannan ita ce damuwar. A cikin wannan dunƙulen har da kuɗin Majalisar Tarayya, wanda a kasafin shekarar ya haura naira biliyan 344, alhali abin da ɓangaren zartarwa ya kawo muku bai kai biliyan 200 ba. Hanya mafi sauƙi ta kunyata Ningi, in ƙarya ya yi, ita ce ku kafa kwamiti, ku kira shi da masanansa a gaban 'yan jarida, ku baza takardu, ku nuna inda kowane kwabo ya nufa. Da kun yi haka kuka kama shi da ƙarya, da mu da kanmu za mu ji kunyarsa, kuma da ba sai kun kore shi ba. Maimakon haka, a zama ɗaya aka kawo ƙara, aka yi shari'a, aka yanke hukunci, ana cinikin watanni kamar ana taya akuya a kasuwar Darazo: wani ya ce shekara guda, aka sauko aka tsaya a wata uku. Ba a tura maganar ga kwamitin ɗa'a ya yi bincike ba.

Akwai kuma abin da ya faru a zaman nan wanda har yau ban ji an warware shi ba. Sanata Jarigbe Agom Jarigbe na Kuros Riba ta Arewa ya miƙe ya ce an ware wa wasu manyan sanatoci ayyukan naira miliyan 500 kowannensu, shi kuwa bai samu ba. Zaure ya kaure da hayaniya. Duk wanda ke kallo a talabijin ko a waya ya ji da kunnensa. Ƙungiyar BudgIT, mai bibiyar kasafi, ta fitar da lissafinta cewa an cusa ayyuka sama da 7,000 na fiye da naira tiriliyan 2 a kasafin. Ban ce kowane aikin mazaɓa sata ba ne. Na san rijiyar burtsatse da ajin makaranta da ɗan majalisa ya kawo suka yi amfani. Amma na kuma san ƙauyen da aka kafa fitilun sola a kan titi alhali asibitinsu babu ko gadon haihuwa mai kyau, na san ginin da aka kafa allo a gabansa da sunan aikin mazaɓa, aka kai shi linta aka tafi, yau awaki ke kwana a ciki. Talaka yana ganin waɗannan da idonsa kullum. Shi ya sa da aka ce cushe, bai tsaya neman fassara ba. Ranar da kuka dakatar da mai maganar kuka bar maganar, abin da mutanen karkara suka ɗauka shi ne an taɓa inda ke muku ciwo.

Da a ce a kan Ningi aka fara, da sai in ce ɓacin rai ne na yini ɗaya. Amma abin ya zama al'ada. A Satumban 2016 Majalisar Wakilai ta dakatar da Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji har kwanakin zama 180, shi ma a kan zargin cushe a kasafi, kuma a 2018 Babbar Kotun Tarayya ta soke dakatarwar. A Maris 2017 wannan zaure naku ya dakatar da Sanata Ali Ndume na wata shida saboda ya nemi a binciki zarge-zargen da jaridu suka buga a kan shugaban majalisa na lokacin, Bukola Saraki, da Sanata Dino Melaye. Ku tuna wace mazaɓa Ndume ke wakilta: Borno ta Kudu, inda Gwoza da Chibok da Damboa suke, a shekarun da dubban mutanensa ke sansanonin gudun hijira. Su aka bari babu wakili. A Nuwamban shekarar kotu ta ce dakatarwar ta saɓa doka. A Afrilun 2018 aka dakatar da Sanata Ovie Omo-Agege na kwanakin zama 90, wata guda bayan nan kotu ta rushe hukuncin, ta kuma nuna cewa dokokin zaman majalisar kansu kwana 14 suka ambata. Sai kuma 6 ga Maris 2025, da kuka dakatar da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya na wata shida. Ba zan shiga abin da ke tsakaninta da kai ba, Mai Girma Shugaba, wannan na kotu ne. Abin da ya shafe ni shi ne mutanen Okene da Adavi da Okehi sun ɗanɗani abin da muka ɗanɗana, nasu ma ya fi namu tsawo.

Mu mutanen Bauchi muna da wani dalili na musamman na sanin wannan magana, domin ɗaya daga cikin shari'o'in da lauyoyi suka fi kafa hujja da su daga jiharmu ta fito. A 2012 Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ta dakatar da Rifkatu Samson Danna mai wakiltar Bogoro, bayan ta ƙi goyon bayan ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa zuwa Bununu. Ta je kotu ta yi nasara, daga baya kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar mata. Abin da alƙalai suka nuna shi ne ɗan majalisa ba ma'aikacin majalisa ba ne da za a sallame shi kamar yaron shago, wakilin mazaɓarsa ne, kuma hana shi zama tauye haƙƙin waɗanda suka zaɓe shi ne. Mutane da yawa a jihar nan ba su goyi bayan matsayinta a kan Tafawa Ɓalewa ba, har yau ma maganar tana da zafi. Amma hukuncin da ya kare kujerar Bogoro shi ne ya kamata ya kare ta Bauchi ta Tsakiya, kuma duk wanda ya yi murna da korar Rifkatu a 2012 ba shi da bakin kuka a 2024 sai ya fara yarda cewa wancan ma kuskure ne.

Na san lauyoyinku za su ce majalisa na da hurumin tsara zamanta da ladabtar da 'ya'yanta, kuma shari'a kan tafi sama ta dawo da wata fassara. Ban musa ba. Zaure mai mutum 109 ba zai zauna babu tsawatarwa ba. Wanda ya yi zagi ko ya ɗaga hannu ko ya hana zama tafiya, a fitar da shi na yini ko na 'yan kwanaki, babu mai cewa uffan. Kuna iya cire mutum daga shugabancin kwamiti, kuna iya tsawata masa a rubuce, kuna iya sa shi ya janye kalamansa a gaban kowa. Duk waɗannan shi kaɗai suke taɓawa. Amma ku yi lissafi da kundin tsarin mulkin da kuka rantse a kai. Sashe na 48 ya ba kowace jiha sanata uku. Sashe na 63 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda aka kora wata uku ya rasa babban kaso na zaman shekara, wanda aka kora wata shida kuwa rabin shekararsa ta tafi. A tsawon kwanakin nan 77 Jihar Bauchi sanata biyu gare ta, maƙwabtanmu Gombe da Jigawa da Yobe suna da uku-uku. Wane laifi manomin Warji ko mai sayar da fata a Misau ya yi da za a rage wa jiharsa kaso?

Kundin ya kuma faɗi wanda ke da ikon raba sanata da kujerarsa kafin wa'adi. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar kiranye: fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An yi wa hanyar nan wuya da gangan, shi ya sa yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye ya mutu a matakin tantance sa hannu a 2018. Idan dubban ɗaruruwan mutanen da suka mallaki kujerar sai sun sha wannan wahala kafin su taɓa ta, bai dace a ce sanatocin wasu jihohi su kwashe ta da ihun amincewa cikin sa'o'i kaɗan ba.

Akwai ɓarnar da ta fi ta kwana 77, ita ce tsoron da abin ya shuka. Ɗan majalisa sabon shiga da ya ga an yi wa mai shekara 16 a gini haka, ya ga an tsige Ndume daga muƙamin bulaliyar majalisa a Yulin 2024 saboda ya yi magana a kan yunwa da wahalar ganin shugaban ƙasa, me zai koya? Zai koyi cewa shiru ya fi riba. Zai ga lamba a kasafi da bai gane ba, ya haɗiye tambayarsa. Majalisa kuwa aikinta na farko shi ne riƙe jakar kuɗin ƙasa da tambayar inda aka kai su. Idan masu tambaya suka ƙare a cikinku, waɗanda za su ji daɗi su ne ma'aikatu da 'yan kwangilar da ya kamata ku sa wa ido, waɗanda za su biya kuwa mu ne da ke bin hanyoyin da suka farfashe, muke kwana da fargabar masu garkuwa da mutane a gefen dajin Burra.

Ina da magana ta daban da sanatocin Arewa. Ranar nan, mutumin da kuka ɗora a kan shugabancin ƙungiyarku ya tsaya kusan shi kaɗai, wasunku suka yi gaggawar cewa ba da yawunku ya yi magana ba, shi kuma ya ajiye shugabancin. Kuna da damar saɓa masa a kan alƙaluma. Amma ko wanda yake ganin Ningi bai yi daidai ba yana iya miƙewa ya ce a bincika kafin a hukunta, kuma kada a bar Bauchi ta Tsakiya babu wakili. Kaɗan ne suka nemi sassauci, kuma mun lura da su. Hirar da Hausa aka yi ta, mutanenku sun ji ta da kunnensu ba tare da tafinta ba, kuma har yau suna jiran ku dawo gida ku yi musu bayanin yadda aka raba ayyukan kasafin 2024 tsakanin shiyyoyi, da abin da kowannenku ya samo wa mazaɓarsa, da inda aka yi shi.

Abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, bai fi ƙarfinku ba, kuma ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa. Ku gyara dokokin zamanku, ku rubuta ƙarara cewa ba za a hana zaɓaɓɓen sanata zama fiye da kwana 14 ba ko me ya yi, kuma ko wannan ɗin sai bayan kwamitin ɗa'a ya saurare shi a fili, ya ba shi damar kawo hujjojinsa. Idan ƙarar ta shafi shugaban majalisa ko wani daga cikin shugabanni, wanda abin ya shafa ya sauka daga kujera a ranar, wani ya jagoranci zaman, domin ba a zama mai ƙara kuma alƙali. Kada a sake rufe ofishin sanata ko a tsayar da albashin ma'aikatansa, saboda ta ofishin nan ne takardun koken jama'a ke shiga. Sannan ku buga kasafin Majalisar Tarayya dalla-dalla kowace shekara, tare da jerin ayyukan da aka ƙara a kasafin ƙasa, da sunan wanda ya kawo kowanne, da garin da za a yi shi, yadda ni da ke zaune a nan zan iya hawa babur in je in gani ko an yi.

Game da Abdul Ningi kuwa, ku bar mana shi. Muna riƙe da lissafin abin da ya yi da wanda bai yi ba tun 1999, kuma idan ya sake zuwa neman ƙuri'a za mu zaunar da shi mu tambaye shi ina rahoton masanan nan yake, me ya sa bai fitar da shi gaba ɗaya kowa ya karanta ba. Amsar da ya bayar ita za ta nuna inda za mu dangwala.

Na gode da sauraro. Allah Ya ba ku ikon yin adalci.

Naku,
Wani mai zaɓe daga Bauchi ta Tsakiya